Hawainiya a Kejin Ɓera

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu ƙasar Sudan, ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu. Kun san asalin zaman. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka yada zango kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa har yau. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa tsayawa neman guzuri, da yawansu kuma nan suka kafu.

To, ba tarihi ne zancenmu na yau ba. Zancen ƙarami ne, na yara. Mun san tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 mutanen wannan yanki suna da abin da ya fi wannan damunsu. Amma yaro yaro ne, in damina ta sauka ya ga abu kore yana rangaji a kan reshen lalle, sai ya kai hannu.

(Kiɗa kaɗan)

Ga yadda abin yakan faru. Yaro ya shigo gida da sanda, hawainiya na maƙale a kanta.

"Baba, ka ba ni kejin nan da kurege ya gudu ya bari."

"Me za ka sa a ciki?"

"Hawainiya na samo a bakin hanyar ruwan gona."

Kafin uban ya amsa, sai muryar kaka daga rumfa: "Kai ɗan nan, fitar mini da ita daga gida! Ba ka san tana da dafi ba?"

Bari mu fara da maganar kaka, cikin ladabi. Hawainiya ba ta da dafi. In an matsa mata takan kumbura, ta yi duhu, ta wage baki tana huci, wani lokaci ta ɗan ciza, amma iyakarta ke nan. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ƙwayar cutar da ake kira salmonela, wadda dabbobi masu jan ciki kan ɗauka a kashinsu, mai sa gudawa da zazzaɓi. Rigakafinta sabulu da ruwa bayan an taɓa.

Sai maganar keji. A gidajen ƙauye ba a rasa irinsa: tarkon waya na kama ɓera da rai, ko kejin da aka taɓa ajiye kurege ko ɓeran Masar. Ba a yar da abu mai amfani, wannan kuwa hali ne mai kyau. Tambayar ita ce, gidan da aka ƙera domin ɓera zai zaunu ga hawainiya?

Ku dubi jikin kowannensu. Ɓera ɗan ƙasa ne, yana son faɗi da lungu da duhu, saboda haka kejinsa a kwance yake, tsayinsa da ƙyar ya wuce taƙi biyu. Ita kuwa hawainiya ko ƙafarta kaɗai ta isa shaida. Yatsunta biyar sun manne kashi biyu, uku a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, don damƙar reshe. Wutsiyarta tana naɗe reshe ta riƙe. Kwanciyar hankalinta shi ne ta ganta a sama, cikin ganye, tana kallon duniya a ƙasa. In ka ajiye ta a keji gajere a tsakar gida, kaji na zagayawa, kyanwa na leƙe, yara sun yi da'ira, to kowane abu mai motsi yana bisa kanta, ita kuma daga sama shaho da shirwa suke zuwar mata.

Masu kiwon hawainiyar Yaman a Turai da Amurka, wadda ita ce aka fi kiwo a gidaje, sukan ba babba guda ɗaya kejin raga mai tsayin santimita 120, faɗi 60, zurfi 60. Guda ɗaya, domin hawainiya ba ta son maƙwabci. Maza biyu a wuri ɗaya faɗa ne, mai rauni ya daina ci har ya mutu. Tamu ta bakin Nilu, wadda ake samu tun daga yammacin Sahel, ta arewacin Nijeriya da Nijar har zuwa Masar, ba ƙarama ba ce ita ma. Babba takan wuce santimita 30 in an haɗa da wutsiya.

Wani zai ce, ai sai a tsayar da kejin a tsaye. E, wannan shi ne gyara na farko, in kejin babba ne. A wanke shi sarai da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, domin fitsarin ɓera na ɗauke da cuta. In kuwa an taɓa sa shinkafar ɓera ko wata guba a ciki, a haƙura da shi baki ɗaya. A lanƙwashe duk bakin waya mai kaifi. Tazarar sandunan kejin ɓera tana da faɗi, fara da gyare za su sulale su fita, don haka sai an lulluɓe da raga. Ragar ma da tata matsalar: mai ƙananan ido ƙwarai takan riƙe farce, hawainiya ta ja, farcen ya fita, yatsa ya kumbura ya yi ruwa. A cika ciki da rassa masu kaurin da ƙafarta za ta iya zagayewa, wasu a gicciye wasu a karkace, da ganye mai yawa da za ta ɓuya. Sannan a rataye kejin sama da kan mutum.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wuyar aikin ruwa ne da rana.

Hawainiya ba kasafai take gane ruwan da ke kwance a kwano ba. Raɓa take lasa, da ɗigon da ke gangarowa a kan ganye yana ƙyalli. Sau da yawa ana samunta ta bushe, idanu sun faɗa, ga gwangwani cike da ruwa a gefenta. Dabarar ita ce a huda gindin gora da allura, a ɗora bisa kejin, ya riƙa ɗiga a kan ganye, a kuma yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma.

Rana kuwa tana buƙatarta, domin akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi fatarta ke haɗa sinadarin da ke kai alli cikin ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske. Wadda aka ajiye a ɗaki, bayan 'yan watanni ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, ta kasa riƙe reshe. To, amma wanda ya san Wad Madani a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san kejin ƙarfe a tsakiyar rana tanda ce. A daji, in ta ji zafi sai ta nutsa cikin ganye. A keji ba ta da wurin gudu sai wanda ka ba ta: hantsi ya taɓa gefe guda, sauran ya zauna a inuwa.

Launinta ma yana ba da labari ga mai lura. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Michel Milinkovitch, sun nuna cewa a fatar hawainiya akwai wasu mitsi-mitsin ƙyalƙyali jere da juna, in tazarar da ke tsakaninsu ta canja sai hasken da ke dawowa ya canja launi. Yawancin rikiɗar nan ta yanayin rai ce da zafin jiki. Da sanyin safiya takan yi duhu don ta sha rana. In ta wuni baƙi-ƙirin a gindin keji, ido a rufe da rana tsaka, tana cikin wahala.

(Kiɗa kaɗan)

Abinci sai mai rai. Ku tsaya ku kalle ta wata rana. Fara ta sauka nesa kaɗan. Ido ɗaya na kallon baya, ɗaya ya kafe a kan farar. Sai na bayan ya juyo, su haɗu. Baki ya buɗe a hankali, kan harshe ya leƙo, kafin ƙiftawar ido harshen da ya fi jikinta tsawo ya je ya dawo, sai dai ka ga ƙafar fara a gefen baki. Wannan kallon ne ke sa yara son ta, ba na kuma ganin laifinsu.

Sai dai a Jazira a kula da inda aka kamo farar. An shafe shekaru da dama ana feshin maganin ƙwari a gonakin auduga, har da jirgin sama. A ƙarshen shekarun 1970 yawan feshin ya kashe ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu, farin ƙudan auduga ya samu sarari ya addabi manoma. Farar da aka tsinto tana layi a gefen gonar da aka yi wa feshi, guba ce za a miƙa mata da hannu.

Ra'ayina a nan, kejin ɓera ko an gyara shi masauki ne na kwana biyu ko uku, yaro ya kalla, ya koya, a mayar. Wanda ke da lemun tsami ko gwaiba ko shingen lalle a gida, ya ɗora ta a kai, in wurin ya yi mata za ta zauna, ta rage masa ƙwari. Mai tunanin tara su don sayarwa ƙetare kuma ya sani, suna cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta ce ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini.

Akwai wadda ko kwana ɗaya bai kamata a riƙe ba. Ku dubi dunduniyar ƙafar baya: namiji yana da ɗan tsiro a wurin, mace ba ta da shi. Macen da aka tsinta a ƙasa, ciki ya yi nauyi, tana neman wurin da za ta haƙa rami ne ta zuba ƙwai masu yawa, ta binne. A kejin waya ba ta da ƙasar haƙa, sai ta riƙe ƙwan a ciki har ya kashe ta. Wajen mayarwa, a kai ta daidai wurin da aka ɗauko ta, kada a fizge ta daga waya ko reshe. A miƙa mata sanda a gaban ƙafa, a jira, da kanta za ta hau.