Matamaye: me ɗalibi zai yi idan makinsa bai kai na shiga karatun likita ba?

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, akwai gidaje a Matamaye da Kance da Ɗan Barto da murnarsu ke zuwa rabi da rabi. Yaro ya ci jarrabawa, amma da ƙyar, watakila ma sai da ya je zagaye na biyu. Burinsa likita, ƙannensa har sun fara kiransa "dokta", ga kuma takarda na nuna mwayen 10 da ƴar ɗoriya. Sai uba ya taka har gidan malami yana tambaya: shi ke nan ƙofa ta rufe?

Ba ta rufe ba, amma ƙunci gare ta, kuma gara a san haka tun da wuri.

Ana karatun likita a sashen kimiyyar lafiya, wato FSS, na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wanda ya samo asali tun 1974. Akwai irinsa a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ita ce mafi kusa da ƴan Matamaye. Ko'ina matsalar ɗaya ce: masu nema sun fi kujeru yawa nesa ba kusa ba, don haka zaɓe ake yi. Bak na kimiyya ake so, seri C ko D. Kuma ba jimillar maki kaɗai ke magana ba. Abin da ɗalibi ya samu a lissafi, da fizik da shimi, da ilimin halittu (SVT) shi ne gaba. Mai 11 wanda ya yi ƙarfi a waɗannan darussa ba ɗaya yake da mai 11 wanda tarihi da falsafa suka tallafe shi ba.

Saboda haka wanda ya fi kowa dama shi ne wanda bai zauna bak ba tukuna. Idan kana aji na sagond ko piramiyar kuma buletinka ba kyau, lokacin gyara yanzu ne. Fara da lissafin kowefisiyan, abin da ɗalibai da yawa ke rainawa. A misali, idan darasi yana da kowefisiyan 5 ka tashi daga 8 zuwa 11, ka ƙara maki 15 ke nan a jimilla. Wannan ƙoƙarin a darasi mai kowefisiyan 2 maki 6 kawai zai ba ka. Ba a ce a yar da sauran darussa ba, amma dare ɗaya gare ka, ka san inda za ka kashe shi.

Akwai kuma wata cuta da ba a cika faɗa ba: faransanci. Malaman kimiyya da yawa za su gaya maka cewa yaro ya san amsa, tambayar ce bai gane ba. A gida hausa, a kasuwa hausa, a fada hausa, sai ranar jarrabawa a miƙo masa shafi guda na bayanin gwajin kwayoyin gado a ce ya yi sharhi. Maganin wannan ba hadda ba ne. A nemo tambayoyin bak na shekarun baya, a zauna mutum uku ko huɗu, a sa agogo, kowa ya rubuta amsarsa cikakkiya, sannan a kai wa malami ya yi gyara da jan biro ba sani ba sabo. Ƙungiyar karatu da ta wuce mutum biyar, a ganina, shayi kawai take sha.

To wanda ya faɗi bak fa? Maimaita tarminal ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa ya fi zama a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, wanda ba shi da malami ba shi da mai tsawata masa. Sai dai a kula, shekaru na tafiya, kuma wajen neman tallafin karatu na hukumar ANAB ana duban maki da shekarun haihuwa. Wanda kuwa ya ci da "passable" yana tunanin sake zama don neman "assez bien", wato 12, ko "bien", wato 14, ya fara zuwa ofishin bak ya ji abin da doka ta tanada kafin ya ɓata shekara a kan jita-jitar tasha.

Hanya ta biyu ita ce shiga aikin lafiya ta wata ƙofa. A Damagaram akwai makarantar ENSP da ke horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu aikin awo. Kada a yaudari yaro: wannan ba gajeriyar hanyar zama likita ba ce, sana'a ce mai zaman kanta. Amma karatun ya fi gajarta a kan na likita, wanda ke cin shekara bakwai zuwa takwas, kuma duk wanda ya taɓa kwana da yaro a asibitin Matamaye lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, ya san wa ke tsaye a kan marasa lafiya har asuba.

Wasu iyaye kuma na waiwayen kudu, tunda Daura na nan bayan iyaka, Kano da Zariya ma ba nisa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna koyar da likitanci, gaskiya ne. Amma can ma tsere ne mai zafi. Ana neman sakamako mai kyau a turanci, lissafi, fizik, shimi da ilimin halittu, karatun duk da turancin Ingila ne, ga kuɗin makaranta na baƙo. Ɗalibin da faransanci ya kayar a Matamaye sai ya ware aƙalla shekara guda ta koyon harshe kafin ya taɓa littafin likita. Kuma kafin a sayar da gona ko garke don biyan wata makaranta mai zaman kanta, a nan gida ko a waje, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi a tabbatar gwamnatin Nijar ta amince da takardar da za a bayar a ƙarshe.