Filin Manoma: A Yi Hattara Da Ƙarara Da Tinya Da Tumfafiya

Manomin ƙasar Wonaka, cikin ƙaramar hukumar Gusau, ya san maciji ya san kunama, yana kuwa kiyaye su. Amma akwai waɗansu abokan gaba da ba su gudu, ba su sara, suna nan tsaye a gefen gona da bakin rafi da gindin duwatsu, watau itatuwa da ciyayi masu dafi. Sau biyu a shekara aka fi gamuwa da su: lokacin sassabe da sharar gona kafin ruwa ya sauka, da lokacin kaka sa'ad da ake girbi ana shiga daji neman itace. Wanda hannunsa ya kumbura ko idonsa ya rufe a tsakiyar yankan dawa, hasararsa ba ta ciwo kaɗai ba ce. Kwanakin aiki sun tafi, tsuntsu da dabba kuwa ba su jiran kowa.

Waɗannan tsire-tsire iri uku ne, kowane da hanyar cutarsa. Wani da gashi yake yi, wani da nono, wani da mai.

Na gashi shi ne ƙarara, wadda ke naɗe itatuwa a fadamu da kurmin rafi. Kwasfarta na lulluɓe da gashi ƙanana masu tsini. In ta bushe da kaka, taɓa reshen kaɗai ya isa gashin ya zubo wa mutum a wuya da baya. A shekarar 1955 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Shelley da Arthur, suka nuna cewa ba tsinin kaɗai ke sa ƙaiƙayin ba, akwai wani dafi cikin gashin wanda ke shiga fata. Saboda haka susa ba ta magani, ƙara tura gashin ciki take yi. Abin yi shi ne a tuɓe rigar a hankali, a manna filasta a wurin a ɗaye, a yi ta yi har gashin ya fita. Sa'an nan a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a ɗora tsumma mai sanyi, in akwai man kalamin a shafa. Rigar kuwa a wanke ta dabam, kada a jefa ta kan tabarmar yara. Ƙaiƙayin dawa da na gero wajen sussuka da shiƙa ma haka ake yi masa, wanka da sabulu da sake tufa.

Na nono sun fi haɗari. Tinya tana son ƙasa mai duwatsu, irin ta wajen Kwatarkwashi a Bunguɗu da tuddan Tsafe. Tumfafiya kuwa ba gonar da ba ta fitowa, balle saura da ƙasar da ta gaji. Akwai kuma aguwa da bini-da-zugu da ake shinge da su. In an sare su sai farin ruwa ya tsarto. Na tinya yana ƙona fata kamar wuta, har ta yi bororo. Na tumfafiya a fata da sauƙi, amma a ido mugu ne, domin sau da yawa zafinsa ba shi da yawa, sai dai gani ya yi hazo-hazo, mutum ya ɗauka ba kome. Ba tsartuwa kaɗai ke kai nonon ido ba, hannu ma yana kai shi. Manomi ya sare, gumi ya zubo masa, ya sa hannu ya share, shi ke nan.

In haka ta faru, kada a jira a koma gida. A karkata kai, a buɗe idon, a yi ta zuba ruwa mai tsabta daga gefen hanci zuwa waje har minti 15 ko 20, kada ruwan ya gangara cikin ɗaya idon. Kada a murza. Kada a ɗiga nonon mace, ko ruwan sukari, ko ruwan wani ganye, kada kuma a sa tozali. Daga nan sai asibiti ran nan, ko da zafin ya lafa. In abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na kusa, a nufi Gusau inda akwai likitocin ido.

Na mai su ne yazawa da mangwaro. Ɓawon ƙwallon yazawa yana da wani mai mai ƙuna, hayaƙinsa ma in ana gasawa yana taɓa fuska da ido. Ruwan da ke fita daga hancin ɗanyen mangwaro shi ke sa wa yara ƙuraje a leɓe. Wannan iri yakan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, kuma ba kowa yake kamawa ba. Ruwan bororon ba ya yaɗa cutar, man da ya saura a hannu da riga da ƙotar adda shi ke yaɗa ta. Don haka a wanke su duka da sabulu.

Rigakafi ya fi magani, kuma ba shi da tsada. Mai sassabe ya sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, in da hali da safar hannu da tabarau. Ya tsaya ta inda iska ke fitowa in zai sari tinya. Kada a sa ta cikin wutar dafa abinci, kada kuma a tsaya cikin hayaƙinta in ana ƙona shara. Kowa ya tafi gona da gorar ruwa ta biyu da guntun sabulu, ya wanke hannu kafin ya ci abinci ko ya kama ruwa. Yaran da ke kiwo da 'yan matan da ke ɗebo itace a nuna musu waɗannan tsire-tsire da sunayensu tun suna ƙanana.

Bororo kada a fasa shi, kada a shafa masa kananzir ko man inji ko toka. A rufe shi da tsumma mai tsabta. In ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko fuska da leɓe suka kumbura, sai a kai mutum asibiti. In numfashi ya yi wuya kuwa, ko yaro ya haɗiyi nonon, a garzaya nan take, dare ne ko rana.

Allah ya kiyaye manoma, ya ba da kaka mai albarka, amin.