Ma'aikacin Asibiti da Allurar Rigakafi: A Tilasta Ko a Lallaɓa?

Ranar 5 ga Maris, 2021, Dokta Cyprian Ngong na Asibitin Ƙasa da ke Abuja ya zama mutum na farko da aka yi wa allurar rigakafin korona a Najeriya. Ba banza aka fara da likita ba, domin ma'aikatan asibiti ne ke wuni su kwana a tsakiyar masu ciwo. Sai dai ko a cikinsu an samu masu ja da baya, a nan gida da ƙasashen waje, abin da ya tayar da tsohuwar muhawara: shin ya dace a tilasta wa mai kula da lafiyar jama'a yin rigakafi?

Korona ta lafa, amma akwai cutar da ta fi ta daɗewa a ɗakunan jinya, wato ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na baligai a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar, da yawa ba su ma sani ba. Sai a 2004 aka shigar da allurarta cikin rigakafin jarirai, don haka akasarin waɗanda aka haifa kafin nan sun girma ba kariya, kuma su ne mafi yawan ma'aikatanmu a yau.

Dubi ma'aikaciyar jinya da tsakar dare. Wuta ta ɗauke, tana haska jijiya da fitilar waya, ta ɗebi jini, garin mayar da murfi allura ta soke ta a yatsa. Ko mai shara da ya rungumi ledar tarkace da safe, tsinin allura ya huda ledar ya same shi. Idan jinin mai cutar HIV ne, haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Idan na mai ciwon hanta B ne, yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Ƙwayar ciwon hanta B kan yi mako guda da ranta a busasshen jini.

To me ke hana su yin rigakafin? Ba kullum taurin kai ba ne. Allurar ciwon hanta B sau uku ake yi: yau, bayan wata guda, sai bayan wata shida da ta farko. Wani ya yi ta farko, aikin dare da canjin wurin aiki su mantar da shi sauran. A wurare da dama ma'aikaci ne zai biya daga aljihunsa, kuma mai shara da mai wanki, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, su ake mantawa da su. Wani kuma gwajin yake tsoro, kada a gano yana da cutar aikinsa ya shiga garari. Ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, wanda har gobe yake sa wasu ɗari-ɗari. Farar riga ba ta hana mutum jin jita-jitar unguwa.

Masu goyon bayan tilas suna cewa majinyaci ba ya zaɓen hannun da zai taɓa shi. Jariri bakwaini da mai cutar daji ba su da ƙarfin jure abin da ma'aikaci zai kwaso musu. Masu adawa kuwa suna cewa jikin mutum nasa ne, kuma tilas ba ta haifar da yarda.

Ƙasashe sun gwada tilas. Faransa ta wajabta wa ma'aikatan lafiya allurar korona daga 15 ga Satumba, 2021, nan take aka dakatar da kusan 3,000, ba a ba su damar komawa ba sai a Mayun 2023. Ingila ta sa ranar 1 ga Afrilu, 2022, amma ta janye tun ƙarshen Janairu, ana fargabar rasa dubban ma'aikata. A Najeriya, Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta su nuna shaidar rigakafi ko ta gwaji daga 1 ga Disamba, 2021. Ita dai Faransa tun 1991 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti allurar ciwon hanta B, ta zama sharaɗin da ɗalibi ya sani tun kafin ya shiga sana'ar.

A nan darasin yake. Sharaɗin da aka gindaya a bakin ƙofa ya fi karɓuwa a kan takardar kora da ta faɗo wa mutum yana tsakiyar aiki, balle a ƙasar da likitocinta ke ficewa waje. Kafin asibiti ya ce dole, sai ya sauke nasa nauyin: allura kyauta, a kai ta har ɗakin aiki dare da rana, a buɗe rajistar da za ta tuna wa kowa ta biyu da ta uku, a kuma rufa asirin wanda gwaji ya nuna yana da cutar, a haɗa shi da likita. Makarantun jinya da na ungozoma su tabbatar ɗalibi ya kammala kafin ya fara taɓa majinyaci. Ma'aikacin da bai tabbatar ko ya cika ukun ba, ya nemi katinsa ya duba tun kafin aikinsa na gaba.