Kwanciya ba ta kare mai shanyewar ɓarin jiki daga faɗuwa

A gidaje da dama na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da zarar an sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga Asibitin Malam Aminu Kano, sai a jefa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a riƙa kai masa komai, a ce kada ya motsa. Tausayi ne, amma cutarwarsa ta fi amfaninsa. Naman jikin da ba ya aiki zubewa yake yi, gaɓoɓi su sandare, ƙashi ya yi rauni, ga gyambon kwanciya. Ran da ya yunƙura shi kaɗai zai je banɗaki da dare, ƙafar ba za ta ɗauke shi ba, kuma galibi ta ɓarin da ya shanye ake faɗuwa, ƙugu ya karye. A watanni 3 zuwa 6 na farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon motsi, don haka ba lokacin ɓatawa a kan katifa ba ne.

Wani zai ce ai tashin ne ke jawo faɗuwa. Haɗarin na nan, amma a dubi abin da ke kayar da shi: dokin ƙofa, santsin simintin banɗaki, bakin ledar ɗaki da ya ɗage, silifas mai zamewa, duhu in an ɗauke wuta. Duk suna gyaruwa. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa kujera a wurin wanka da alwala, a ajiye cocila kusa da shi. Mai taimako ya tsaya ta ɓarin mai rauni ya riƙe ƙugu, kada ya ja hannun da ya shanye, domin kafaɗar na iya gocewa.

Wani kuma zai kawo kukan kuɗin adaidaita sahu. Ba kullum za a je asibiti ba. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi suna koya wa iyali atisayen gida: tashi daga kujera da komawa, tsayuwa da dafa bango, 'yan taku a tsakar gida. Masu cewa cutar shafar iska ce kuwa, su sani jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban sanadi. A yi addu'a, amma kada a bar shan magani. In baki ya sake karkacewa ko magana ta harɗe, a garzaya asibiti nan take.