Koyar da Zane ta Hanyar Taɓa Kaya: Misalin Bauhaus

A makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, sabon ɗalibi yakan fara ne da sarrafa katako, ƙarfe, gilashi da takarda, domin hannunsa ya san halin kowanne. Josef Albers, malamin darasin share fage daga 1923, yakan raba wa ɗalibai jaridu, ya ce su ƙera wani abu ba tare da gam ba. A nan suke gane cewa takarda, duk laushinta, in an ninke ta tana tsayawa da kanta, har ta ɗauki nauyi. Hikimar ita ce, wanda bai san halin kayan aikinsa ba zai zana abin da ba ya ƙeruwa. An rufe Bauhaus a 1933, amma makarantu da dama sun gaji wannan hanya.