Iskar Oksijin da Kumburin Hanji a Yara

Yaro mai cutar Crohn ko gyambon babban hanji kan yi fama da gudawa da ciwon ciki, wani lokaci har girmansa ya yi jinkiri. Idan magani ya gaza, wasu likitoci kan saka shi a ɗaki mai matsin iska kamar ninki 2 na waje, ya shaƙi oksijin zalla na minti 60 zuwa 90.

'Yan sayans, dokar Henry ce dai. Kamar gas a lemon kwalba, matsi ke sa iskar ta narke cikin ruwan jini, ta isa hanjin da ya kumbura, gyambon ya samu damar warkewa.

Amma fa kunne kan yi zafi, kuma yaran da aka gwada wa kaɗan ne. Shi ya sa likita ba ya dakatar da magani dominta.