Daga Fagen Dambe Zuwa Keji: Karawar da 'Yan Kallo Ba Sa Mantawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fagen dambe da kaka ya san wasa iri biyu ne. Akwai wanda ake sa zare, kafin makaɗi ya gama gyara kalangunsa an buge mutum, a yi sowa, a shigo da wasu. Akwai kuma wanda za a kai turmi na uku kowa ya ji a jikinsa, wanda ake gani zai faɗi ya ƙi faɗuwa, wanda ake gani ya gama cin wasa ya tsinci kansa a ƙasa. Na farkon kafin a kai gida an manta da shi. Na biyun shi ake shekara da shekaru ana musu a kansa a rumfar mahauta.

Wannan ido na kallon dambe shi samarin Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure suka ɗauka suka kai kan wani sabon wasa, damben gauraye da ake yi cikin keji, wanda duniya ta sani da MMA, kuma kamfanin UFC na Amurka ya fi kowa suna a kansa. Sai dai yadda wasan yake iso mana akwai gyara. Yawancin manyan karawar a Amurka ake yi da daddare, lokacin da a nan ƙarfe uku ko huɗu na dare ne, babban wasan kuma yakan faɗo wajen kiran assalatu. Gidajen kallo na ƙwallo ne, ba mai buɗe su a wannan lokaci. Abin da ke zuwa hannun yaro da hantsi a teburin mai shayi, ko wajen masu cajin waya da turin fina-finai, shi ne guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin a TikTok ko WhatsApp: naushi ɗaya, mutum ya zube. Wanda iyakar saninsa ke nan ya ga kisa, amma bai ga dambe ba, kuma ba zai gane abin da ya sa masu bin wasan suke fifita wasu karawa a kan wasu ba.

Ga yadda ake yinsa a taƙaice. Keji ne mai kusurwa takwas. Kowane turmi minti biyar ne, wasa na yau da kullum turmi uku, na kambu ko babban wasan dare turmi biyar. An yarda da naushi da shuri da gwiwa da gwiwar hannu, an yarda a kayar da mutum a bi shi ƙasa, a shaƙe shi ko a murɗe masa gaɓa har ya bubbuga hannu alamar ya sallama. An hana cizo, da tsokane ido, da dukan ƙeya ko marena. In lokaci ya cika babu kisa, alƙalai uku ne ke ba da maki. Gasar UFC ta farko an yi ta ne a birnin Denba a watan Nuwamban 1993, babu ajin nauyi, kuma wanda ya lashe ta, Royce Gracie ɗan Barazil, ba shi da wani jiki. Da dabarar kokawa da shaƙa ya gama da ƙartin da suka fi shi ƙiba. Daga baya aka zo da dokoki da awon nauyi da likitoci.

Bidiyon da ya fi yawo a wayoyin Nijeriya a watan Agustan 2022 shi ne na faɗuwar Kamaru Usman, haifaffen Auci ta jihar Edo, mai riƙe da kambun ajin kilo 77. Wanda ya ga guntun kawai zai ce an shure shi a kai ya suma, shi ke nan. Cikakken labarin ya fi haka nauyi. Usman ya shigo da nasara 15 a jere a UFC, saura ɗaya ya kamo tarihin Anderson Silva. Abokin karawarsa, Leon Edwards, haifaffen Jamaika da ya tashi a Ingila, Usman ya taɓa cinye shi a 2015. A wannan dare ma, bayan turmin farko da Edwards ya ci, sai Usman ya karɓe wasan. Ya riƙa matse shi a jikin waya, ya kayar da shi, ya danne, turmi uku a jere. Edwards ya koma kusurwarsa kai a sunkuye, mai horar da shi yana ta yi masa faɗa. Masu sharhi sun riga sun fara lissafin wanda Usman zai tara da shi nan gaba. Saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards ya miƙa hannun hagu kamar zai kai naushi. Usman ya karkata kansa don ya kauce, kamar yadda ya saba yi duk daren, sai ya kai kan nasa daidai inda ƙafar hagu take tasowa. Bahagon ya daɗe yana lura da wannan kaucewar. Minti ashirin da huɗu na wahala su suka ba shurin nan daraja, kuma su ne guntun bidiyon yake yankewa.

Mu 'yan Nijeriya abin ya yi mana ciwo, amma ko mai son Usman in zai faɗi gaskiya, ya san wannan karawar ta fi zama a rai fiye da wadda ya sumar da Jorge Masvidal da naushi ɗaya a 2021. Wadda za ta iya tsayawa kusa da ita cikin wasanninsa ita ce ta Disambar 2019 da Colby Covington, mutumin da ya cika baki kafin wasa. Dukansu 'yan kokawa ne, amma babu wanda ya nemi kayar da wani. Tsayawa suka yi suna musayar naushi har turmi na biyar, inda Usman ya gama da shi bayan ya fasa masa muƙamuƙi.

Israel Adesanya, haifaffen Legas da ya girma a ƙasar Niyu Zilan, yana da kisa masu kyau da yawa, amma in aka tambayi masu bin wasan wace karawarsa ce ta fi, da yawansu ta Afirilun 2019 da Kelvin Gastelum za su ambata, wadda ba a yi kisa a cikinta ba. Gastelum gajere ne, kakkaura, ana ganin Adesanya zai riƙa tsinkensa daga nesa da dogon hannu. Sai ga shi ya girgiza Adesanya tun a turmin farko, a na huɗu kuma ya same shi da shuri a kai har ƙafafunsa suka yi laushi. Aka shiga na biyar kowa da turmi bibbiyu, leɓen Adesanya a kumbure. A minti biyar ɗin nan ya kai Gastelum ƙasa har sau uku, shi kuwa yana tashi. Ranar ce mutane suka daina cewa yaron iya rawa da iya baki kawai gare shi.

Labarinsa da Alex Pereira na Barazil kuwa irin wanda makaɗa ke so ne. Pereira ya cinye shi sau biyu a damben hannu da ƙafa, a 2016 da 2017, na biyun da suma. Ya biyo shi UFC ya ƙwace masa kambun ajin kilo 84 a Nuwamban 2022, a turmi na biyar, alhali Adesanya ne ke gaba da maki. Sau uku ke nan. Mutane da yawa da sun haƙura. A Afirilun 2023 a Mayami suka sake haɗuwa. A turmi na biyu Pereira ya sassare masa ƙafa da shuri, ya kora shi jikin waya. Adesanya ya rufe fuska da hannuwa kamar wanda ya ƙare, Pereira ya saki jiki yana lugude, sai dama ta fito sau biyu, ya kwanta. Ramuwar gayya ce da aka shekara bakwai ana jira.

Inda mai idon dambe yakan gaji shi ne idan wasa ya koma ƙasa. Za ka ji ana cewa sun kwanta suna ɓata mana lokaci. A fagenmu da zarar hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an gama, don haka ba mu saba neman komai a can ba. Amma mutanen ƙasar Daura suna da wani idon da za su ara. Daga Kwangwalam an shiga Nijar, inda kokawa ce sarauniyar wasanni, gasar takobi tana gudana tun 1975, kuma sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, ba baƙo ba ne a kasuwannin kan iyaka. Wanda ya san yadda ɗan kokawa ke neman ƙugu, yake ɗora wa abokinsa nauyi har ƙafarsa ta gaji, shi zai ji daɗin kallon Khabib Nurmagomedov.

Karawar Khabib da Conor McGregor ɗan Ailan, ranar 6 ga Oktoban 2018, ita ce wadda aka fi saye don kallo a tarihin UFC, kusan gida miliyan 2.4. A nan Arewa ma ita ta jawo mutane da yawa ga wasan, ba don dabara ba, sai don Khabib Musulmi ne daga Dagestan ta Rasha, McGregor kuma ya taɓa mahaifinsa da ƙasarsa da addininsa, har ya miƙa masa giya a taron manema labarai. A matsayin wasa, gaskiya ba ta kai waɗanda na ambata ba, domin gefe ɗaya ta fi karkata. Amma darasi ce ga mai son ya koyi kallon ƙasa: yadda Khabib ke harɗe ƙafafun mutum da nasa, ya kama wuyan hannu ɗaya ta baya, ya bar shi da hannu guda yana kare fuska. A turmi na huɗu McGregor ya sallama. Abin da ya biyo baya, tsallake kejin da Khabib ya yi ya afka wa mutanen McGregor, bai kamata a riƙa yaba shi ba. Hukumar wasanni ta jihar Nebada ta ci shi tarar dala 500,000 da dakatarwar wata tara. Ya yi ritaya a 2020, bayan rasuwar mahaifinsa, da wasa 29 ba a taɓa cin sa ba.

Francis Ngannou na Kamaru kuwa labarin rayuwarsa ake so fiye da tsawon wasanninsa. Yana yaro yashi yake haƙa a ƙauyen Batie, ya ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko, hanyar da mutanen kan iyaka suka san mutum nawa ta ci, kafin ya isa Faransa. Da ya buge Stipe Miocic a Maris ɗin 2021 ya zama zakaran masu nauyi, sai ya kasance haifaffun Afirka uku ne ke riƙe da kambu a lokaci ɗaya.

Akwai farashi, kuma guntun bidiyo ba ya nuna shi. Karawar Robbie Lawler da Rory MacDonald ta Yulin 2015 tana cikin duk jerin da masana ke yi na wasannin da suka fi. Leɓen Lawler ya tsage gida biyu, hancin MacDonald ya farfashe, suka tsaya suna kallon juna cikin jini bayan turmi na huɗu ba wanda ya matsa. A na biyar naushi ya sake sauka kan hancin nan, MacDonald ya zauna da kansa, duk da shi ke gaba da maki. Hancin ya daɗe yana ba shi wahala bayan nan. Likitoci sun tabbatar dukan kai da ake maimaitawa yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali: mantuwa, rawar jiki, nauyin baki. Waɗannan mutane ana auna su kafin wasa, likita na zaune a bakin keji, wanda ya suma kuma ana hana shi wasa na wani lokaci. Yaran da ke gwada shaƙar Khabib a kan ƙannensu a soro ba su da ko ɗaya. Shaƙar nan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa take toshewa, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum ke suma, in aka ci gaba da riƙewa sai a yi kisan gaske. Iyaye su sa ido a kan wannan. Haka nan cacar waya da ta fara bin wasan. Wanda ya ga abin da ya sami Usman saura daƙiƙa 56 bai kamata ya ɗora kuɗin cefane a kan kowa ba.

Namu damben ma ya kama hanyar waya. Tun 2017 tashar Dambe Warriors take sa wasanni a YouTube, mutanen ƙasashen da ba su san inda Katsina take ba suna kallon 'yan Kudu da Arewa da Guramaɗa, wasu masu shirya gasa kuma sun fara raba 'yan wasa bisa nauyi da ajiye ma'aikatan jinya. Wannan abin koyi ne, kuma ya kamata ya isa fagagen ƙauye, inda har yanzu akan ga wanda aka buge jiya ya sake ɗaura zare yau. Abin da nake tsoro kawai shi ne ciwon guntun bidiyo ya kama damben namu. Tsofaffin 'yan dambe irin su Shago da Ɗandunawa ba su samu kyamarar waya ba, amma har gobe ana zancensu, saboda mawaƙi Ɗan Anace da masu ba da labari sun riƙe abin da ya gabaci naushin: wane ne ya ƙalubalanci wane, wane gari aka haɗu, me aka faɗa kafin a shiga. Mai ɗaukar dambe da waya a yau yakan tsaya ne sai ya ga alamar faɗuwa sannan ya danna. Da zai fara tun daga kirari, ya bar ta tana ɗauka har turmi na uku, ya rubuta sunayen 'yan wasan da gari da rana, da ya fi amfanar 'yan damben da masu kallo.